Tsakanin Sha'awa da Buɗe Shago: Aikin da Zuciya Ke Yi wa Mai Son Kasuwanci a Legas

Tun ranar 1 ga Yunin 2022, da dokar hana acaɓa ta fara aiki a ƙananan hukumomi shida na Legas, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, hirar teburin mai shayin da nake zama a Agege ta sauya. Da ana taɓa ƙwallo da siyasar gida, sai aka koma maganar abin yi. Wata uku bayan nan aka ƙara da Kosofe, Mushin, Shomolu da Oshodi-Isolo, benci ya ƙara cika. Samari ne majiya ƙarfi, daga Jigawa, Katsina, Zamfara, Borno. Wasu an ƙwace baburansu, wasu sun karyar da su sun sayar. Kuma kusan kowa magana ɗaya ce a bakinsa: "Wallahi da zan samu jari, kasuwanci zan kama."

Na gaskata su a lokacin, har yanzu ma ina gaskata su. Amma abin da na gani daga baya ya hana ni sakat. A cikinsu akwai wanda ya sayar da babur ya riƙe kuɗin wata da watanni, yana ta "bari dai in ga yadda gari zai kasance", har kuɗin suka narke a cefane da aike gida. Akwai wanda bai da ko rabin abin da wancan ya riƙe, ya karɓi hayar baro ya fara tura albasa da tattasai daga kasuwar Mile 12 zuwa lunguna, yau ga shi da rumfarsa. Akwai kuma ƙanina, ɗan baffana, wanda shi ba ɗan acaɓa ba ne, yaron shago ne, ya buɗe nasa shagon da gudu ya rufe da gudu. Duk ukun sun so kasuwanci da gaske. Ba jari ne ya raba tsakaninsu ba. Abin da ya raba su shi ne yadda kowanne ya yi da tsoronsa, da kunyarsa, da fushinsa.

Masana sun ba wannan abu suna. A 1990 wasu masu nazarin halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Peter Salovey na Jami'ar Yale da John Mayer na Jami'ar New Hampshire, suka fitar da maƙala suna cewa akwai wata basira da gwajin kaifin ƙwaƙwalwa ba ya kamawa: iya gane abin da ke motsi a ranka da a ran waninka, da iya aiki da wannan sanin wajen tunani da yanke shawara. A 1995 ɗan jarida Daniel Goleman ya rubuta littafi a kanta, maganar ta bazu har cikin kamfanoni da makarantu. Da Turanci suna kiran ta emotional intelligence, ni a nan zan kira ta basirar zuciya.

Da gangan na zaɓi kalmar zuciya, domin a Hausa ta ɗauki kaya masu yawa. Idan aka ce wane yana da zuciya, yabo ne, ba ya zaman jiran a ba shi. Idan aka ce zuciyarsa ta mutu, an gama da shi. Amma idan aka ce ya yi zuciya, to fushi ne ya kwashe shi ya bar wurin. Akwai son zuciya, akwai zafin zuciya, akwai danne zuciya, akwai kai zuciya nesa, akwai wadatar zuci. Kalma ɗaya ce ke ɗauke da ƙarfin da ke tura mutum nema da kuma wutar da ke ƙone masa abin da ya nema. Duk bayanin da zai biyo baya a cikin wannan kalmar yake kai-komo.

A 1997 Mayer da Salovey sun kasa basirar gida huɗu. Wanda yake son ganinsu a aikace ya je Mile 12 da asuba, lokacin da motar tumatir ta iso daga Kwanar Gafan ko Danja bayan ta share kwanaki a hanyar da ta kai kusan kilomita 1,000. Tumatir ba ya jira, rana na ɗagawa darajarsa na sauka. Dillalin da ya ƙware yana kallon Bayarbiyar da ta taya kwando ta juya za ta tafi, daga tafiyarta ya san ko tafiyar gaske ce ko ta ciniki ce. Wannan shi ne gida na farko, karanta fuska da murya da motsin jiki. Labarin zuciya ai a tambayi fuska. Fargabar da ke ransa ta kada kaya su kwana bai bar ta ta ruɗa shi ba, ya mayar da ita hanzari da sa ido, gida na biyu ke nan. Direba na ta faɗa a kan kuɗin mota, dillali ya san ba ƙiyayya ba ce, gajiya ce da rashin barci da abin da aka tatse shi a shingayen hanya, kuma ya san idan aka mayar masa da baƙar magana yanzu haushin zai zama gaba. Fahimtar daga ina abu ya taso da inda zai dosa, gida na uku. Na huɗu shi ne ya sanyaya kansa, ya sanyaya direba, ya sa a kawo masa shayi, ya dawo da matar nan da wasa da dariya, kafin hantsi mota ta zama fanko. Da yawa daga irin waɗannan dillalai ba su yi boko mai nisa ba.

To ina haɗin wannan da sha'awar kafa kasuwanci tun kafin a kafa shi?

Sai mun fara raba sha'awa da niyya. Sha'awa arha gare ta, duk wanda ya ga wani ya samu yana da ita. Niyya kuwa ƙudurin zuciya ne wanda aiki ke biye da shi, kamar yadda muka koya tun a makarantar allo. A 1991 masani Icek Ajzen na Jami'ar Massachusetts ya bayyana cewa niyyar yin wani aiki tana tsayuwa ne a kan abu uku: yadda kai kanka kake kallon aikin, abin da kake zaton mutanenka za su ce idan ka yi, da kuma ko kana ganin za ka iya. Masu nazarin kasuwanci sun ɗauki wannan ma'auni suna ta aiki da shi har yau. Idan aka duba da kyau, babu ɗaya cikin ukun da lissafi ne zalla. Kowanne akwai abin da rai ke ji a cikinsa, kuma ta nan basirar zuciya ke shiga.

Ɗauki na farko. Mai kuɗin babur ɗin nan da ya kasa motsi ba wawa ba ne, ba kuma rago ba ne. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa ɗan'adam yana jin zafin hasara fiye da yadda yake jin daɗin ribar da ta yi daidai da ita, kuma a ƙiyasin da suka yi a 1992 bambancin ya kai kusan ninki biyu. Wato ɓacewar naira 50,000 ta fi samun naira 50,000 nauyi a rai. Ga wanda kuɗin hannunsa su ne iyakar abin da ya mallaka a duniya, nauyin ya fi haka. Matsalar abokin namu ita ce bai taɓa kiran abin da sunansa ba. Bai ce "tsoro nake ji" ba, cewa yake "gari bai yi daidai ba", "dala ta tashi", "sai bayan Sallah". Wanda ya iya gane cewa tsoro ne ke magana yakan iya zama da shi su yi ciniki: nawa zan iya rasawa ba tare da na durƙushe ba? To da wannan zan fara. Abin da mai baro ya yi ke nan, ko da bai san sunan abin da ya yi ba.

Kada kuma a ɗauka ana nufin a kashe tsoro. Likitan ƙwaƙwalwa Antonio Damasio ya bayyana a 1994 labarin marasa lafiyar da suka samu lahani a wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa, kaifin tunaninsu bai ragu ba, amma jin abu a rai ya dushe. Sai ga shi sun kasa yanke shawara mai kyau, har a ƙananan abubuwa, wasu dukiyarsu ta lalace. Ɗan kasuwa da ba ya jin ɗar shi ne ke zuba jarinsa duka a mota ɗaya.

Na biyu, wato abin da mutanenka za su ce, ya fi nauyi a kanmu mazauna Ikko, domin mutanenmu kashi biyu ne: na nan da na gida. Ɗan ci-rani yana tafe da idanun ƙauyensu a bayansa. Uwa na jiran aike, ƙanne na jiran kuɗin makaranta, wataƙila an sa ranar aure. Mai albashin gadi ko mai acaɓa ya san abin da zai tura ƙarshen wata. Wanda ya shiga kasuwa bai sani ba, kuma kalmar da ya fi tsoro ita ce a ce "ai ya karye". Akwai kuma wata kunyar ta daban, ta wanda ya yi digiri ko difloma yana ganin tura baro ko tsayuwa a bakin tukubar tsire zubar da girma ne. Kunya ado ce a wurinmu, ba na cikin masu cewa a watsar da ita. Amma akwai kunyar da ke hana mutum cin amana, akwai kuma wadda ke hana shi neman halal, kuma a ƙirji iri ɗaya ake jin su. Rarrabe su aiki ne na basirar zuciya. Haka ma iya zama da mahaifi a waya a faɗa masa, cikin ladabi, "Baba, wata uku masu zuwa aiken zai ragu, ga dalili", maimakon a yi shiru a ɓoye har zargi ya shiga.

Na uku, wato ganin za ka iya, shi ne inda masu bincike suka fi samun igiyar da ta ɗaure basirar zuciya da niyyar kasuwanci. Albert Bandura ya bayyana a 1977 cewa yarda da iyawar kai tana fitowa daga wurare huɗu: abin da ka taɓa yi ka yi nasara, ganin irinka ya yi, ƙarfafawar bakin mutane, da kuma yadda kake fassara abin da jikinka ke yi idan ka tunkari aikin. Wannan na ƙarshe ya fi ba ni sha'awa. Mutum biyu za su tsaya gaban Alhajin da za su roƙa ya ba su kaya bashi, dukkansu gabansu na faɗuwa, tafin hannu na gumi. Ɗaya zai ce a ransa, "Ka gani, ni ba irin wannan ba ne," ya juya. Ɗayan zai ce, "Abin babba ne shi ya sa," ya yi sallama ya shiga. Bugun zuciya ɗaya, fassara biyu.

Binciken da aka yi kai tsaye a kan wannan alaƙa ya tabbatar da ita. A 2009 Leonidas Zampetakis da abokan aikinsa sun yi nazari a kan ɗaliban jami'a a ƙasar Girka, suka ga masu basirar zuciya sun fi kallon kafa kasuwanci da idon alheri, kuma hanyar da abin ke bi ita ce ta himmar fara abu ba tare da an tura mutum ba, da kuma ƙirƙira. A 2018 Chao Miao da abokansa suka tattara sakamakon nazarce-nazarce da dama wuri ɗaya, suka samu cewa alaƙar tana nan, sai dai matsakaiciya ce. Yana da kyau a riƙe wannan kalmar, matsakaiciya. Yawancin irin waɗannan bincike a kan ɗalibai ake yin su, da takardar tambayoyi da mutum ke auna kansa da kansa, kuma abin da ake aunawa niyya ce, ba shagon da ya shekara biyar a buɗe ba. Duk mai shirya bita da ya ce maka wannan basira ita ce mabuɗin arziki ya ƙara gishiri.

Akwai kuma abin da takardar tambayoyi ba ta iya gani, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Takarda tana tambayar mutum ko yana da niyyar kafa kasuwanci, ba ta tambayar daga ina niyyar ta taso. A 1982 Albert Shapero ya lura cewa mutane da yawa ba sa kafa kasuwanci sai wani abu ya tumɓuke su daga inda suke: kora daga aiki, ƙaura, ɓacin rai da shugaba. Dokar acaɓa irin wannan tumɓukewa ce. Amma wanda aka tumɓuke yakan fito da ɗaya daga zuciya biyu, zuciyar nema ko zuciyar fushi, kuma daga waje kamarsu ɗaya. Dukkansu suna tashi da asuba, dukkansu suna cewa "na gaji da zama ƙarƙashin wani".

Ƙanin nan nawa shekara shida ya yi a shagon wani dattijo mai sayar da wake da gero da masara. Wata rana dattijon ya yi masa faɗa a gaban masu saye a kan wani buhu da aka auna ba daidai ba. Da daddare ya same ni, idonsa jajir.

"Yaya, ni fa na gama. Shago zan buɗe."

"Madalla. Me za ka sayar?"

"Abin da yake sayarwa. Kuma a layinsa."

Tun daga wannan amsar na ji gabana ya faɗi. Na ce ya bari a kwana biyu, ya ce ai an kwana shekara shida. Ya haɗa abin da ya tara da kuɗin adashe da rancen wani abokinsa, ya kama shago bai fi taku talatin daga na maigidansa ba. Ya san kaya, ya san farashi, ya san masu kawowa daga Dawanau. A takarda babu abin da ya rasa. Amma duk shawarar da ya yanke, idonsa na kan shagon can ne, ba kan nasa littafin ba. Ya karya farashi don a baro dattijo a zo wurinsa. Duk matar da ta ce "da wurin Baba nake saye", sai ya ba ta bashi ba tambaya, domin zuwanta daɗi yake masa kamar an rama masa. Da ƙarancin takardun kuɗi ya zo a farkon 2023, masu bashi suka ɗauke ƙafa, masu kawo kaya suka ce sai kuɗi hannu. Da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun shekarar, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin kwanaki, kuɗin mota ya bi ta, shagon ya ƙarasa. Dattijon shi ma ya ji jiki, amma yana nan.

Da za a ba ƙanina takardar masu bincike a daren da ya same ni, da ya ci maki mafi yawa a niyyar kasuwanci. Wannan ne ya sa nake ganin babban aikin basirar zuciya tacewa ne, fiye da ƙara wa sha'awa wuta. Ita ce ke sa mutum ya tsaya ya tambayi kansa: kasuwar nake so, ko so nake wane ya gani? Wani lokaci amsar gaskiya takan sa mutum ya fasa, ko ya jinkirta shekara guda, ko ya canza unguwa. A lissafin masu ƙidaya wannan raguwar niyya ce. A wurina kuwa tsira ce.

Harshen kasuwarmu ma an gina shi ne don kare zuciya. Idan mai saye ya yi tayin da bai kai ba, Bahaushe ba ya cewa "ban yarda ba", cewa yake "albarka". Ya ƙi, amma da addu'a ya ƙi, ƙofa na nan a buɗe. Idan ciniki ya faɗa ya ce "na sallama". Bayan an auna ya ƙara gyara, kalmar da har mutanen Legas suka ara suna cewa jara. Kuma abin yana da tushe mai nisa. Lokacin da Abdurrahman bin Auf ya yi hijira zuwa Madina ba shi da komai, Sa'ad bin Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Amsar da ya bayar ita ce Allah ya yi masa albarka a iyalinsa da dukiyarsa, a nuna masa kasuwa kawai. Ya ƙi kyautar ba tare da ya ɓata ran mai kyauta ba, ya je ya dawo da ribar cuku da man shanu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Ya kuma yi addu'ar rahama ga mutum mai sauƙin hali idan ya sayar, idan ya saya, da idan ya je karɓar bashi.

A Legas wannan mallakar kai ta wuce maganar riba. Mai shago a Agege ko Idi-Araba yana mu'amala da harsuna uku ko huɗu kafin azahar. Salon cinikin Bayarbiya da ɗaga murya da tafa hannu yake zuwa, wanda sabon zuwa daga Arewa zai ɗauka zagi ne, alhali a wurinta ciniki ne kawai. Ga masu karɓar kuɗin tikiti kala-kala, ga 'yan tasha, ga mai gidan haya. Kuma kowa ya san ƙaramar magana tana iya zama ta ƙabila cikin minti kaɗan. A watan Maris na 2016 rikicin da ya taso daga hatsaniya da wani ɗan acaɓa ya ci rayuka a yankin Mile 12, aka rufe kasuwar, kayan miya na mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka ruɓe. Saurayin da ya san yana iya haɗiye magana, ya iya mayar da zafi wasa, yakan ji a jikinsa cewa zai iya zama a irin wannan kasuwa. Wanda ya san zuciyarsa kusa take yakan ja baya, kuma yana da gaskiya.

A da muna da makarantar koyon wannan, ita ce zaman gaban maigida. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya wallafa bincikensa a 1969, ya nuna yadda fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya tsayu a kan amana: ana ba mahauta shanu bashi ba takarda, maigida ne ke tsayawa, domin ya san halin kowa. Irin wannan tsari ne ya raya zangon Agege, inda goro da layin dogo suka tara Hausawa. Yaron da ya zauna gaban irin wannan maigida ba awo da lissafi kaɗai yake koya ba. Yana ganin yadda ake karɓar labarin mota ta faɗi ba a yi ihu ba, yadda ake bin bashi ba a ci mutunci ba, yadda ake hana ɗan'uwa kaya kuma zumunci bai tsinke ba. Aliko Dangote ma, da ya fara a 1977, da rancen cikin dangi ya fara, a gidan da aka gaji fatauci tun daga Alhassan Dantata. Kuɗin da aka ba shi kowa na ambato. Abin da ya taso yana gani a gidan ba a cika ambato ba. Yau saurayi na sauka daga tirela a Legas, washegari an ba shi babur, yana samun kuɗi kullum ba tare da ya zauna gaban kowa ba. Ranar da babur ya tafi, sai a ga babu abin da ya rage a hannunsa na sanin mutane.

Matanmu na cikin gida sun fi mu riƙe wannan ilimi. Mai sayar da turaren wuta ko atamfa ko dambun nama ta WhatsApp daga ɗakinta a Agege, duk masu sayenta 'yan'uwa ne da ƙawaye da maƙwabta. Jarinta ba ya mutuwa don rashin ciniki, sai don "Anti, ki ba ni zuwa ƙarshen wata". Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wadda ta daɗe a sana'a ita ce ta iya cewa "Yaya, wallahi kuɗin mutane ne a ciki" da fuskar da ba za a yi fushi ba. Na ga matan da suka ƙi fara sana'a ba don komai ba sai don sun san ba za su iya wannan ba.

Ba zan yarda a juya wannan bayani a kan talaka ba. Zalunci ne a dubi wanda aka ƙwace wa babur, ga haya ga iyali, a ce masa matsalarsa rashin sarrafa zuciya ce. Haƙuri ba ya biyan kuɗin shago na shekara guda da ake nema a dunƙule, iya magana ba ya sauko da kuɗin mota daga Kano. Jari gaskiya ne, tsadar rayuwa gaskiya ce. Haka kuma basirar karanta mutane ba ita ce kirki ba. Ɗan damfara ma da ita yake cin abinci, shi ya sa ba ta da amfani ga al'umma sai an haɗa ta da amana. Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa kawai shi ne ana koyonta. Tsawo ba a ƙara shi bayan an girma, amma mutum na iya koyon kwana a kan shawara kafin ya zartar, da kiran abin da ke ransa da sunansa, da zama kusa da wanda ya fi shi sanyi. Ƙungiyoyinmu na kasuwa da fadojin sarakunan Hausawa da ke unguwannin Legas, waɗanda dama sulhu ne aikinsu na kullum, za su iya haɗa samarin nan da dattawan da za su zauna gabansu, ko da wata shida ne, kafin a damƙa musu kuɗi.

Bayan shagon ƙanina ya rufe ya yi wata huɗu yana dako a kasuwa, ba ya bi ta layin da ya bari. Wata Asabar ya ce in raka shi wurin dattijon. A hanya bai ce uffan ba. Da muka isa ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, na zo ne a yafe min."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Ɗana, ni ma ban kyauta ba da na yi maka faɗa a gaban mutane. Tashi ka zauna." Aka kawo ruwa. Aka yi gaisuwar gida, aka tambayi baffa da damina. Can sai ya ce, "Yanzu buhu nawa za ka iya sayarwa a sati?"

"Biyar, Baba."

"Faɗi gaskiya."

Ƙanina ya sunkuyar da kai. "Uku."

Ya sa aka fitar masa da buhu uku na wake, ba takarda ba shaida sai ni, da sharaɗin ya nemi wuri a wata unguwar. Ya samu gefen rumfar wani a Iyana-Ipaja. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yake kai kuɗin, kuma a watan jiya an mayar da buhunan shida.